Rufe Shago Ba Shi Ne Rushe Kamfani Ba

Duk wanda ya san kasuwar albasa ta Madawa, inda ake loda buhunan da aka noma a fadamar Tarka zuwa Abijan da Akara, ya san yadda mutum biyu ko uku kan haɗa jari su yi rajistar kamfani, sa'an nan idan farashi ya karye, ko husuma ta shiga tsakani, sai a garƙame shago, kowa ya kama gabansa, ana zaton magana ta ƙare. Alhali kuwa a shari'ance kamfanin nan yana raye, haƙƙin mutane yana wuyansa.

Dokar da ke hukunci a nan ita ce ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Port-Louis a 1993, ƙasashe 17 ke binta, har da Nijar. Babinta na kamfanoni, da aka sabunta a Wagadugu a 2014, ya ambaci sabubban rushewa: cikar wa'adi, wanda ba ya wuce shekara 99, ko ƙarewar abin da aka kafa kamfanin dominsa, ko ittifaƙin masu jari, ko hukuncin alƙali idan saɓani ya tsayar da aiki.

Sai dai muhimmin al'amari yana bayan wannan, domin kamar yadda malamanmu na Malikiyya ba sa taɓa gadon mamaci sai an sauke masa bashi, haka nan doka ta wajabta a naɗa wakili wanda zai ƙididdige dukiya, ya karɓo abin da ake bi, ya sayar da kadarori, ya biya ma'aikata da masu bin bashi, kana a raba saura gwargwadon hannun kowa, kuma a gama cikin shekara uku. Muddin ba a yi shelar rushewar a hukumance ba, ba ta zama hujja a kan mutumin waje ba. Ni a ganina wannan adalci ne, don manomin da ya ba da albasarsa bisa amana shi ne mafi rauni a cikin sha'anin.

Ƙungiyoyin gama-kai na manoman Buza da Keita suna da tasu dokar, ta Lome, ta 2010, amma can ma bashi ne gaba.

Ya kai ɗan'uwa mai niyyar raba gari da abokin ciniki, ka je ofishin rajista na kotu kafin ka sa kwaɗo a ƙofa.