FILIN MANOMA: Kafin Ka Sayo Na'urar GPS Daga Ƙasashen Waje

Jama'a da yawa a nan Katsina sukan ba alhazai da fataken da ke zuwa Dubai ko Sin saƙo, a sayo musu na'urar nan da ake kira GPS. Waɗansu don awon gona suke so, waɗansu kuwa don ta nuna wa direba hanya. Amma sau da yawa in an kawo ta aka kunna, sai a ga titunan Jidda ko na wani gari a Amurka, babu hanyar Daura, babu ta Dutsin-Ma. Daga nan sai mai ita ya ce an cuce shi. To, yawanci na'urar lafiyarta lau. Abin da ya kamata a gane shi ne, sanin wuri daban, taswira daban.

YADDA TAKE AIKI

Akwai taurarin ɗan'adam da suke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000 daga ƙasa. Amurka ce ta harba na farko a 1978, aikin ya kammala da taurari 24 a 1995. Kowanne yana aiko da saƙo dare da rana, yana faɗin inda yake da ainihin lokacin da ya aiko. In na'urarka ta kama saƙon guda huɗu, sai ta yi lissafi ta gane inda kake tsaye. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma bukatar layin waya ko intanet. Rasha da Turai da Sin su ma suna da nasu taurarin, sababbin na'urori kuwa sukan haɗa da su.

Saboda haka ko a ina aka sayo ta, in ka tsaya da ita a Ƙofar Soro za ta ba ka lambobin Katsina daidai, watau wajen digiri 13 arewa, da digiri 7 da rabi da ɗan ɗori gabas.

INDA MATSALAR TAKE

Taurarin ba su aiko da taswira. Kamfanin da ya ƙera na'urar shi ne ke zuba taswira a cikinta, kuma ta yankin da za a kai ta kasuwa yakan zuba. Wadda aka yi don Amurka ta san kowane lungu na can, wadda aka yi don ƙasashen Larabawa ta san nasu. In ta iso nan, abin da za ta nuna bai wuce manyan garuruwa da 'yan manyan hanyoyi ba, wani lokaci ma fili fari fat da ɗigo ɗaya a tsakiya, ɗigon nan kai ne. Haka kuma na'urar da ke jikin motocin hannu da ake kawowa daga Turai ko Japan take, taswirar ƙasar da motar ta fito ce a ciki, kuma canja ta yana da wuya ƙwarai.

Ana iya sayen taswirar wannan yanki daban a ƙara, amma kuɗi ne na biyu, kuma kamfanoni irin su Garmin sukan kulle taswirar da suka sayar, ba ta kwafuwa daga na'urar abokinka zuwa taka. Akwai kuma ta kyauta da ake kira OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, mutane ne na sa kai suke zana ta. Na'urori da yawa suna karɓarta, in dai suna da ramin sa katin memori.

Fatake su lura da wannan. Mai kai kaya Jibiya ya ƙetare zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, taswirar Nijeriya kaɗai ba ta ishe shi ba, a bakin iyaka za ta ƙare. Sai ya nemi wadda ta haɗa da Nijar. In kuwa nuna hanya kawai yake so, wayar da ke aljihunsa ta wadatar, ya sauke taswirar Google Maps ta yankin tun yana gari, za ta yi aiki ko inda babu sabis.

GA MANOMI

Shi manomi bukatarsa ta fi sauƙi, domin awon gona ba ya bukatar taswira ko kaɗan. Abin da za a duba shi ne ko na'urar tana lissafin faɗin fili. Irin ta hannu, kamar Garmin eTrex, tana yi. Irin ta liƙawa a gilashin mota kuwa yawanci ba ta yi, kada a sayo maka ita.

Amfanin awon ba ƙarami ba ne. Taki da iri da maganin feshi duk bisa hekta ake faɗin adadinsu. Bashin noma ma haka, kamar shirin da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, wanda bisa hekta aka riƙa ba da kaya. In kana zaton gonarka hekta 2 ce, alhali 1 da rabi ce, ka ga cikin kowane buhu 4 da ka saya ɗaya ya wuce ƙima, kuma da amfanin hekta 1 da rabi za ka biya bashin hekta 2.

Ga yadda ake yi. Kunna ta a fili, ka jira 'yan mintoci ta kama taurari. Ka fara daga kusurwa ɗaya, ka bi iyaka a hankali, ka ɗan tsaya a kowace kusurwa, har ka komo inda ka tashi. Ka yi haka sau uku, ka ɗauki matsakaicin abin da ta ba ka. Inuwar mangwaro da darbejiya masu duhu tana rage mata ji, amma hazo ko hadari ba su hana ta. Takan kuskure da mita 3 zuwa 5, wannan ba kome ba ne a babbar gona, amma ɗan lambu na fadama gara a auna shi da tef.

ABU BIYU DA ZA A GYARA

Na farko ma'auni. Wadda ta fito daga Amurka takan zo da mil da ƙafa da eka. Hekta 1 murabba'in mita 10,000 ce, watau kusan eka 2 da rabi. In ta nuna 5 ka ɗauka hekta ne, alhali eka ne, gonar hekta 2 ka mai da 5. A shiga wurin saiti a mai da ita mita da hekta.

Na biyu ya shafi akawuna da masu takardar fili. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an kafa su ne a kan tushen awo na Minna, ita kuwa na'urar da wanda ake kira WGS 84 take zuwa. A wajenmu bambancinsu ya kai kimanin mita 80. In ka ɗauki lambar da ke kan takarda ka buga ba ka juya saitin zuwa Minna ba, za ta kai ka tsakiyar gonar maƙwabcinka ta ce nan ne turakarka. Don haka kada kowa ya ta da rigimar iyaka da ita. Wannan aikin ma'aikatan safiyo ne, tare da mai unguwa da dattawan da suka san wurin.

SAƘON DA ZA KA BA MAI SAYOWA

Ya tambayi mai kanti taswirar wace ƙasa ce a ciki, ya kuma sa a buga Katsina a gabansa ya gani. Ya duba ko tana auna fili, ko tana da ramin memori. Ya zaɓi mai cin ƙananan batura irin na rediyo, waɗanda ake samu a kowace kasuwar ƙauye. In mai caji ce, ya karanta jikin cajar, domin wutar Amurka 120 ce, tamu 230.

Ba lalle kowa ya mallaki tasa ba. Guda ɗaya ta ishi ƙungiyar manoma ta gari, a auna gonaki da rani kafin a sayi taki. Wanda bai gane saitin ba ya kai wa malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Malamin Gona, Katsina