Yaya, Jikinki Ba Jikin Ƙaninki Ba Ne!

Yau da ke nake, ke da Umma ke bar wa ƙanne in za ta unguwa. Sau nawa kin ji ɗaki daidai, ba sanyi ba zafi, amma yaro yana ta tsala kuka, kika ce rigima ce kawai? To ni dai na ce ki dakata tukuna.

Zuba koko a ƙaramin kofi, ki bar sauran a tukunya. Wanne zai riga hucewa? Na kofin mana! Haka jikin yaro yake. Fatarsa tana da faɗi in aka gwada da ɗan nauyinsa, shi ya sa ɗumin jikinsa ke saurin zurarewa. Na jariri ma ya fi tsanani: kansa kusan kashi 1 cikin 4 ne na tsawonsa, ga shi bai iya rawar ɗari ba, wadda ita ke ɗumama mu manya. Dalili ke nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa (na san kakanninmu sai sun yi mita). Sannan ki tuna iska mai sanyi ƙasa take kwanciya. Ke kina bisa gado, shi yana rarrafe a kan siminti da asubar hunturu. Ramammen yaro kuwa, balle mai tamowa, sanyi ya fi saurin ratsa shi.

Da bazara sai labari ya juya. Ɗakin kwano in ya ɗau zafi a watan Afrilu, ƙaramin jiki ne ke riga gasuwa, kuma yaro ba ya zufa kamar babba. Ɗan lukuti ya fi shan wuya, don kitse riƙe zafi yake. Amma sai ki ga an naɗe shi da shawul, ga hula ga safa, wai don kwalliya. Haba jama'a!

Kada tafin hannunsa ya ruɗe ki, sau da yawa da ɗan sanyinsa yake. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. In ya jiƙe da zufa, rage masa kaya. In da sanyi, ƙara riga ɗaya bisa abin da kika sa, ko ki rungume shi a jikinki.

Kaskon gawayi kuma, don Allah kar ki rufe ɗaki da shi ku kwanta. Yana fitar da wata iska mai guba da ba a gani, ba ta wari, kuma ƙananan take fara kayarwa.