Hauhawar sukari a jinin mai ciwo mai tsanani: abin da ke faruwa cikin tsoka

1. Gabatarwa

Daga Kanambakashe, marar lafiyar da ciwonsa ya tsananta akan miƙa shi asibitin Mayahi, in ya gagara a wuce da shi Maraɗi. In an gwada jinin irin wannan majinyaci, akan taras sukarinsa ya haura, alhali bai taɓa yin ciwon sukari ba. Wannan takarda za ta duba dalilin haka, da abin da ya kamata a yi.

2. Yadda tsoka ke amsa kiran insilin

Tsoka ce ke ɗaukar mafi yawan sukarin da insilin ke kwashewa daga jini. Idan insilin ya manne a bangon ƙwayar tsoka, saƙo yana bi ta IRS-1, ya kai ga PI3K, sannan Akt. Daga nan sai GLUT4, wato mai shigar da sukari, ya taso daga cikin ƙwaya ya zauna a bango.

3. Inda saƙon ke yankewa

A ciwo mai tsanani, kortizol da adrenalin suna sa hanta ta ƙara zuba sukari, sinadaran kumburi irin su TNF-alfa kuma suna raunana IRS-1. Sukarin da ya taru shi ma yana yi wa ƙwayoyi illa, ya ƙara toshe hanyar. Wani bincike na Berlin a 2013 ya nuna cewa ko da saƙo ya kai Akt, GLUT4 yakan maƙale kusa da cibiyar ƙwaya, amma motsa tsoka da lantarki ya taimaka masa ya fito. Ke nan rashin motsi ma yana cikin matsalar.

4. Batun magani

A 2001, binciken Leuven na ƙasar Beljiyam ya nuna amfanin riƙe sukari tsakanin 0,8 da 1,1 g/l da insilin. A 2009, binciken NICE-SUGAR, a kan mutum sama da 6.000, ya samu akasin haka: mutuwa ta kai 27,5% ga waɗanda aka matsa wa sukari, 24,9% ga waɗanda aka riƙe ƙasa da 1,8 g/l.

Wannan ya fi shafar mu a lokacin damina. Masassarar cizon sauro mai tsanani kanta tana kayar da sukari, musamman ga yara da masu juna biyu, kinin kuma yana ƙara fitar da insilin. Inda ba a iya gwada jini akai-akai, faɗuwar sukari na iya kashe wanda ya suma ba a lura ba.

5. Kammalawa

Shawararmu ita ce: a gwada sukari kafin ƙarin ruwa mai sukari da bayansa, a fi mai da hankali ga ciwon da ya haddasa hauhawar, kada a matsa da insilin, a kuma fara motsa gaɓoɓin majinyaci da wuri. Wanda ya warke, a sake gwada shi, don a tantance ko yana da ciwon sukari na asali.