Baƙin Magina a Japan: Ana Bukatarsu, An Ɗaure Musu Ƙafa

Ƙasar Japan ta shahara wajen manyan gine-gine, amma maginanta sun tsufa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun kai shekara 55, samarin ƙasar kuwa ba su sha'awar aikin. Dalili ke nan da ya sa kamfanoni suka koma ɗauko samari daga Biyetnam da Indunusiya da Filifin.

Da yawansu sun shiga ne ta shirin koyon sana'a wanda gwamnati ta kafa cikin 1993. Sau tari sai saurayi ya ci bashi ya biya dillalai kafin ya baro gida. In ya isa a ba shi masauki, a riƙa yanke kuɗin haya daga albashinsa. Kowace safiya ma'aikata sukan yi sahu su motsa jiki, sa'an nan shugaban aiki ya ja musu kunne game da haɗari, cikin harshen da baƙon bai gama ji ba.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne an ɗaura izinin zamansu a kan kamfani guda, ba kuma a yarda su kawo iyali ba. Wanda aka cuta, ko dai ya haƙura ko ya gudu. Cikin 2023 kaɗai masu koyon sana'a 9,753 suka ɓace, kusan rabinsu daga wuraren gini.

A watan Yunin 2024 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar soke shirin, aka tsayar da 2027 don fara sabon tsari, wanda zai ba ma'aikaci damar sauya ubangida bisa sharuɗɗa. Sai dai muddin bashin dillali yana wuyansa, da wuya ya iya ɗaga murya.