Waya Ɗaya, Ɗalibai Sittin: Shirya Darasi da Na'ura a Ƙananan Sakandaren Ƙasar Gumel

Yarinyar da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Sule Tankarkar yau, in Allah ya ja kwana, bayan shekara shida za ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta jarrabawar JAMB. Tun 2015 hukumar ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya. Saboda haka maganar shigo da na'ura cikin aji ta wuce gardama. Abin da ya rage shi ne yadda malami zai shirya darasin minti arba'in, a aji mai ɗalibai sittin ko fiye, a garin da wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, har na'urar ta ƙara wa yaro abin da zai koma gida da shi.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen rungumar fasahar sadarwa, kuma a lokacin aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Kazaure, wadda ta yaye matasa da dama. Sai dai yaye injiniyan kwamfuta daban, koya wa ɗan shekara goma sha biyu kashi cikin ɗari daban. Na biyun aikin malamin aji ne, kuma shi ne ba a cika yin magana a kansa ba.

An gwada raba na'ura hannu-hannu a wurare da yawa. Shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar cinya ya taɓa sauka a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubban irin waɗannan kwamfutoci ta raba a ƙauyuka. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantu 319 ya fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da karatun harshe bai motsa ba. An kawo kaya, darasi yana nan yadda yake.

A birnin Delhi na Indiya kuwa, an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da yara masu shekarun ƙaramar sakandare, na tsawon wata huɗu da rabi. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna ci gaba mai yawa a lissafi da harshen Hindi. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Manhajar tana fara gano inda yaro ya tsaya, ta ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ko da ajinsa ya yi masa nisa. Kuma rabin lokacin yara na tare da mai koyarwa ne a ƙananan rukunoni. Duk malamin da ya koyar a aji biyu na ƙaramar sakandare a ƙasar Gumel ya san wannan matsala: a benci ɗaya akwai mai iya raba dogon lissafi, akwai wanda har yanzu jadawalin sau bakwai ke ba shi wuya.

To daga ina malami zai fara? Daga abin da yake so yaro ya iya kafin a kaɗa ƙararrawa. Ya rubuta shi a jimla ɗaya a littafin shirin darasinsa. Sannan ya tambayi kansa: wane ɓangare na wannan darasi ne allo da alli suka gaza nunawa? Nan kaɗai na'ura za ta shiga. In babu irin wannan ɓangare, waya ta zauna a aljihu, kuma darasin bai ragu da komai ba.

A ɗauki lissafin riba da faɗuwa da kashi cikin ɗari. Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, kuma da wuya a sami aji a wannan yanki da babu ɗan da mahaifinsa ko yayansa ke kai riɗi, zoɓo, gero ko dabba can. Malam ya raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da kayansa, su riƙa tambayo farashin tiya ko buhu a gida har tsawon mako huɗu. Su zana jadawali a littafi da hannunsu, su lissafa da kashi nawa farashi ya hau ko ya sauka. Bayan sun gama wahalar lissafin ne za a shigar da alƙaluman cikin waya ko kwamfuta ɗaya, ta fitar da zane nan take. A nan na'ura ke da abin cewa: a canza lamba ɗaya, layin ya karkata a gaban idonsu. “In buhun riɗi ya faɗi da kashi goma, me zai sami wannan layi?” Su faɗa tukuna, sannan a danna. Akwai ma wata taska da littafin da aka rubuta a Legas ba zai san da ita ba. 'Yan kasuwar da ke tsallakowa daga Nijar da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, jaka sefa dubu. Yaron da ya tashi a bakin iyaka yana juya wannan a ka tun kafin ya ji sunan darasin canjin kuɗi. Malamin da ya gina darasinsa a kan wannan ya sami rabin aikin a gama.

A darasin kimiyya, amfanin na'ura ya fi fitowa fili, domin akwai abubuwan da ido ba ya gani: yadda jini ke zagaya jiki, yadda duniya ke juyawa dare da rana su musanya, yadda wuta ke bin waya. Jami'ar Colorado ta Amurka tana da tarin gwaje-gwajen kimiyya na kyauta mai suna PhET, ana iya sauke su a yi aiki da su ba intanet. A ciki yaro zai haɗa batir da ƙwan fitila, ya ƙara ƙwai na biyu ya ga haske ya ragu. Ni dai shawarata, kada a tsaya nan. A kawo batir na gaske da 'yar waya da ƙwan tocila, yara su haɗa da hannunsu, su gwada abin da suka gani da abin da suka taɓa. Bidiyo kuwa kada ya wuce minti uku ko huɗu, kuma a tsayar da shi a tsakiya a yi tambaya. Bidiyon minti ashirin kallo ne, kuma yaranmu ba su rasa abin kallo ba.

Waya ɗaya ba za ta ishi ido ɗari da ashirin a lokaci guda ba. Inda babu majigi, ajin zai kasu gida uku ko huɗu: rukuni ɗaya a kan na'ura na minti takwas, ɗaya a littafi, ɗaya a allo tare da malam, sai a juya. Wannan juyi yana bukatar shiri tun daren jiya: a yi caji wajen mai sola, a sauke abin da ake bukata a katin memori, a rubuta aikin kowane rukuni a takarda. Darasin da ya dogara da samun sabis a cikin aji ya riga ya faɗi. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a 2022, yana da darussan da aka tsara bisa manhajar karatun ƙasa, ciki har da na Hausa. Malami ɗaya ya sauke abu mai amfani a Gumel, ya tura wa abokan aikinsa na Gagarawa ta manhajar Xender, ba wanda ya sake sayen data.

Wani abu da ke damuna shi ne wanda ke riƙe da na'urar. In aka bar rukuni ya zaɓa da kansa, yaron da gidansu ke da waya zai karɓe ta, 'yan mata da 'ya'yan da ba su taɓa danna komai ba su koma 'yan kallo. Malam ya rubuta suna, ya juya riƙon, kowa ya taɓa. Haka kuma wayar da za ta shiga hannun ɗalibi a rufe saƙonninta da hotunanta, kuma kada a ɗauki hoton yarinya ko yaro a tura wani zaure ba da yardar iyaye ba. Kwamitin makaranta na al'umma, da limami da mai unguwa, ya kamata su ga darasin da idonsu tun farko, domin uban da ya ga 'yarsa na zana farashin riɗinsa ba zai ɗauki wayar malam abin ɓata tarbiyya ba.

Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ja kunnen gwamnatoci cewa ƙwararan hujjoji kan amfanin yawancin waɗannan kayayyaki kaɗan ne, kuma wayar da aka sake wa ɗalibi ba tsari tana raba masa hankali. Hanyar da malamin ƙauye zai auna nasa darasin ba ta da tsada. A minti biyar na ƙarshe a kashe na'ura, a ba da tambaya uku a takarda. In yaro ya iya lissafa kashi goma na farashin buhu ba waya a gabansa, darasi ya shiga. In bai iya ba, gobe a sake shi ta wata hanya.

Kwalejin Ilimi ta Gumel ce ke yaye da yawa daga cikin malaman da za su tsaya a waɗannan azuzuwa. Lokacin da ɗalibanta ke fita koyon aikin koyarwa a Sule Tankarkar da Maigatari, ina ganin ya dace kowanne ya gabatar da darasi ɗaya irin wannan a gaban mai duba shi: waya ɗaya, aji cike, babu wuta, babu sabis. Mai dubawa ya zauna a bencin baya, ya karɓi takardun yara ya ƙirga nawa suka ci tambayoyin nan uku, da wannan zai ba da maki.