Tukunyar Mutum Ɗaya: Abinci Mai Gina Jiki da Kuɗi Kaɗan

Girkin gidan Bahaushe don taro aka tsara shi. Tukunyar tuwo babba ce, awo da mudu ko tiya ake yi, miya kuma ana kaɗa ta da lissafin yara da baƙi da almajirin da zai yi sallama a ƙofa. Shi ya sa wanda ke zaune shi kaɗai, ɗalibin jami'a ne ko ɗan bautar ƙasa, ma'aikacin da aka tura garin da ba iyalinsa ko dattijuwar da 'ya'yanta suka watse gidajen aure, yakan ga hura wuta saboda ciki ɗaya wahala ce. Sai a koma ga mai shayi da safe, mai abinci da rana, indomi da dare. Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, wannan hanya ta yi wa aljihu nauyi, ga yawan mai da gishiri da ke cikinta, ga ƙarancin ganye.

Abu biyu ne ke cinye kuɗin mai girki shi kaɗai: ɓarna da makamashi. Yakan sayi kayan miya da yawa su ruɓe kafin ya kai rabinsu, ko ya dafa abin da ya fi cikinsa ragowar ta lalace, ko ya ƙone gas mai yawa a kan wake gwangwani ɗaya. Wanda ya toshe waɗannan kafofi biyu zai ci mai kyau da kuɗin da bai kai na sayen abinci a waje ba.

Matakin farko shi ne sanin abin da jiki ke nema. Yana son hatsi ko doya ko dankali don ƙarfi, yana son abin da ke gina tsoka kamar wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono da nama, sannan yana son ganye da 'ya'yan itatuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi. Nama ba dole ba ne kullum. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, kuma Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noman farin wake, don haka ba a rasa shi a kowace kasuwa. Akwai abin da hatsi ya gaza a kai wajen gina jiki wanda wake ke cikewa, akwai kuma wanda wake ya gaza hatsi ya cike. Saboda haka shinkafa da wake, ko tuwon dawa da miyar wake, ko koko da ƙosai, haɗi ne mai ma'ana. Awara ta waken suya da ƙuli-ƙuli su ma suna maye gurbin nama da araha.

Cefane kashi biyu ne. Kayan da ba sa saurin lalacewa, wato shinkafa, wake, tsaki, garin tuwo, taliya, mai, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa da busasshen kifi, ana sayensu sau ɗaya a wata, kuma sun fi sauƙi da kaka lokacin da sabon amfani ya shigo. Idan mutum biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka sayi tiya ko galan suka raba, kowa ya tsira daga tsadar sayen ƙulli-ƙulli. Ɗanyen kaya kuwa, tumatir, tattasai, attaruhu, alayyahu, kashi ɗaya ake saya wanda zai ƙare cikin kwana biyu ko uku. Albasa, kabewa, kabeji, karas da dankalin Hausa sun fi jure ajiya, don haka su suka fi dacewa da ɗakin da ba firji. 'Ya'yan itatuwa kuma a bi lokacinsu: mangwaro da kankana da bazara, lemo da gwaiba idan sun yawaita.

Araha ba ta halatta sayen lalatacce. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga sankara, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Waken da ke warin maganin ƙwari shi ma abin gudu ne. Yawan irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. A gida ba a bukatar magani ko kaɗan. A shanya wake ya bushe sarai, a cika busasshiyar gorar roba ko jarka da shi har baki, a rufe ruf. Rashin iska kan kashe ƙwarin da ke ciki.

Inda wutar lantarki ba ta zama, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan yashin ke bushewa yana janye zafi daga ciki, sai tumatir da ganye su ƙara kwanaki. Ta fi aiki a lokacin rani da hunturu, kuma ta ɗanyen kayan lambu ce, ba a ajiye dafaffen abinci ko nama a cikinta.

Wajen makamashi, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 ta wadatar da mutum ɗaya. Wake idan ya kwana a ruwa yakan nuna da wuri, kuma zubar da ruwan jiƙon na rage kumburin ciki. Wannan ya fi zuba kanwa da yawa, domin kanwa na lalata wasu bitamin na rukunin B. Rufe tukunya da rage wuta bayan ta tafasa na rage cin gas, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Mai amfani da gawayi kada ya shigar da kurfoti ɗaki ya rufe ƙofa, ko da sanyi ya matsa. Hayaƙin gawayi na ɗauke da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci.

Abincin tukunya ɗaya ne ya fi dacewa da mai zaman kaɗaici, kuma girkin Hausa cike yake da shi. Faten tsaki misali ne. Ana soya jajjagen albasa da attaruhu da tumatir biyu a cokali ɗaya na manja, a tsaida ruwa, a jefa daddawa da ɗan busasshen kifi da dakakkiyar gyaɗa. Idan ya tafasa a zuba wankakken tsaki rabin gwangwanin madara ana juyawa don kada ya yi gudaji. Sai tsakin ya yi laushi ake zuba yankakken alayyahu da 'yar yakuwa, a ba su minti biyu ko uku a sauke, ganyen na nan kore shar. A kwano guda an sami hatsi, ganye, kifi da gyaɗa, abin wankewa kuma tukunya ɗaya ce da cokali.

Garau-garau ma haka yake: wake ya fara shiga, idan ya kusa nuna shinkafa ta bi shi. Abin da ke ɗaga darajarsa shi ne ɗanyen tumatir, albasa da kabeji ko latas da ake yankawa a kai, bayan an wanke su da ruwa mai tsabta. Bitamin C da ke cikin tumatir da lemon tsami na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake, shayi kuwa yana rage ɗaukarsa, don haka gara a jinkirta shayi zuwa bayan cin abinci da kamar awa guda. Kwaɗon zogale ko na rama da garin ƙuli-ƙuli, ɗanwake da dafaffen ƙwai, faten wake da dankalin Hausa, dafa-dukar taliya da kabeji da karas, duka ana gama su ba tare da doguwar hidima ba. Da safe kunun gyaɗa ko koko ya isa, idan an rage suga. Ranar da aka koma ga indomi, a yi amfani da rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, a ƙara ƙwai da ganye.

Dabarar da ke rage aiki ita ce dafa markaɗe sau ɗaya. A tafasa shi har ruwansa ya ƙone, a soya da ɗan mai, a raba a ƙananan robobi a sa a firji. Yau a ci da shinkafa, gobe a ƙara alayyahu ya zama miyar ganye, jibi a yi dafa-duka da shi. Wanda ba shi da firji ya yi daidai na ci guda kawai.

Gishiri da mai su ne inda girkin gida kan kauce hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, saboda hawan jini. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, don haka guda ɗaya ya ishi tukunyar mutum ɗaya, wani lokacin ma ya yi yawa. Daddawa, citta, tafarnuwa, masoro da albasa suna ba da ɗanɗano ba tare da wannan illa ba. Ɗan gishirin da za a saka ya zama mai aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo. Manja kuma kada a ƙona shi har ya yi fari, domin jan nan nasa shi ne jiki ke mayarwa bitamin A mai amfani ga ido.

Ragowar abinci na bukatar kula ta musamman a ƙasa mai zafi. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a firji ba, ba kuma a kan wuta ba. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, ta hayayyafa idan shinkafar ta huce, ta bar gubar da ɗumamawa ba ta kawarwa. Ɗumamen tuwo da miya sai sun yi zafi har ciki, miyar ta tafasa sosai, kuma abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a sake ajiye shi. Mafi sauƙi dai shi ne awo daidai ciki tun farko: rabin gwangwanin madara zuwa ɗaya na shinkafa ya ishi yawancin manya a ci guda.

Kayan aikin da duk wannan ke bukata ba su wuce tukunya biyu masu murfi, wuƙa, ludayi, ƙaramin turmi da 'yan robobi ba. Wanda ya tanadi hatsi, wake, mai, daddawa da busasshen ganye a farkon wata, abin da ya rage masa a kullum kuɗin kashin tumatir ne da ɗaurin alayyahu.