Digiri na biyu ta waya: dama ga shugabannin makarantun Bukkuyum

Shugaban makaranta a Bukkuyum, Gummi ko Anka na iya yin digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin ilimi ba tare da ya bar aikinsa ba. Jami'ar NOUN tana da wannan kwas, kuma da digirin koyarwa ko PGDE ake shiga. Rajista, littattafai da gwajin TMA duk a intanet suke, amma jarrabawa galibi sai an je cibiya, kamar ta Gusau.

Babban cikas shi ne sabis. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda tsaro. Shi ya sa ɗalibi mai dabara ke sauke littattafansa tun farkon zango, ya tanadi fawa-bank, ya gama TMA kafin ranar rufewa.